Takardar Likita Kafin Hawa Sama: Me Take Karewa, Me Ya Fi Ƙarfinta?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin gidaje da shaguna da yawa, kasuwar sola kuma ta buɗe. Matasan da a da iyakacin aikinsu jan waya a cikin ɗaki, yau ga su a kan kwanon rufi da faifan sola a hannu, iska na kaɗa su. Sun shiga sahun birkiloli da kafintoci da masu fenti da masu walda da masu hawa falwaya da hasumiyar sadarwa, mutanen da abincinsu ke sama.

Wanda ya nemi aiki a babban kamfanin gine-gine ko na mai ko na sadarwa daga cikinsu yakan ci karo da sharaɗin da bai saba da shi ba: sai ya kawo takardar likita mai cewa lafiyarsa ta dace da aiki a sama. Mai aikin jinga a unguwa kuwa, ba mai tambayarsa ko ya karya kumallo. Daga nan tambayoyi ke tasowa. Me likita ke dubawa? Mai hawan jini ko ciwon suga ya rasa sana'arsa ke nan? Takardar ma tana hana faɗowa? Ƙasashen da suka daɗe da rubuta dokoki a kan wannan ba su yi ittifaƙi ba, kuma a cikin saɓanin nasu ne ake ganin inda gizo ke saƙar.

Daga ina "sama" ta fara?

A dokar Amurka, ma'aikacin gini na buƙatar kariya da zarar ya kai ƙafa 6 daga ƙasa, kimanin mita 1.8. A masana'anta da rumbun ajiya daga ƙafa 4 ne. Brazil ta yanke mita 2. Birtaniya ta daɗe tana amfani da mita 2 ɗin, sai a dokarta ta 2005 ta yar da adadin gaba ɗaya: duk inda mutum zai iya faɗowa ya ji rauni sama ce, ko kan ƙaramin tsani ne, ko bakin rami a ƙasa. Dalili shi ne ana mutuwa daga ƙasa da mita 2, musamman idan kai ne ya fara sauka a kan kankare ko tsinin rodi.

Lissafin ba shi da wuya. Wanda ya zame daga mita 1.8 yana isa ƙasa cikin ɗan abin da ya haura rabin daƙiƙa, da gudun kilomita 21 a awa. Daga mita 10, kamar rufin bene mai hawa biyu, gudun ya kai kilomita 50 a awa, tafiyar kuma ba ta kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba. A rabin daƙiƙar farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ke gane abin da ya faru tana aika wa hannu saƙo, mutum ya riga ya yi ƙasa da fiye da mita ɗaya. Zafin nama ba ya ceton wanda ƙafarsa ta riga ta bar katako.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa iri-iri na kashe mutum 684,000 a shekara, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Amurka, daga ma'aikatan gini 1,075 da suka mutu a bakin aiki a 2023, mutum 421 faɗowa suka yi daga sama. A Birtaniya, a shekarar aiki ta 2023 zuwa 2024, ma'aikata 138 suka rasu a haɗurran aiki, 50 daga ciki ta wannan hanya.

Kalmomi uku ake gwamutsawa idan ana wannan magana. Daidaiton jiki shi ne iya tsayawa da motsi ba tare da tangaɗi ba. Juriya ita ce ƙarfin zuciya da huhu da tsoka, abin da mai hawa hasumiya mai mita 50 da jakar kayan aiki a baya ke buƙata don ya isa sama da sauran numfashi. Dacewa da aiki kuwa hukuncin likita ne: shin wannan mutumin yana da wata lalura da za ta iya kayar da shi ba zato? Ƙato mai ɗaukar buhun siminti biyu na iya faɗuwa gwaji na uku, siririn dattijo kuma ya ci shi.

Yadda jiki ke tsayawa, da abin da tsawo ke yi masa

Babu mutumin da ke tsayawa cak. Ko a sahun salla jiki na ɗan yin layi gaba da baya, ƙwaƙwalwa na gyarawa ba tare da an sani ba. Labarin da take gyaran da shi daga wuri uku yake zuwa. Akwai ido. Akwai can cikin kunne, bayan dodon kunne, inda wasu bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa ke jin juyawar kai, wasu 'yan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi kuma ke jin ina ne ƙasa. Sai jijiyoyin tafin ƙafa da idon sawu da wuya, masu faɗa wa ƙwaƙwalwa inda nauyin jiki ya karkata. Idan ɗaya ya yi rauni, biyun kan rufa masa asiri. Shi ya sa mutum kan shekara da matsala a kunne ko a ƙafa bai sani ba, muddin yana tafiya a ƙasa mai ƙarfi da rana tsaka.

Sama tana ƙwace wannan rufin asirin. Ido yana gane cewa jiki ya yi layi ne idan abubuwan da ke kusa suka ɗan gusa a ganinsa: bango, ƙofa, ƙasar da ke gaban ƙafa. Idan abin da ya fi kusa yana can nesa, jiki zai karkata sosai kafin ido ya lura. Likitan jijiyoyi ɗan Jamus Thomas Brandt da abokan aikinsa sun bayyana wannan a 1980: layin jiki yakan fara ƙaruwa idan tazarar ido da abu mafi kusa ta wuce kamar mita 3, ya ci gaba da ƙaruwa har wajen mita 20. Wannan ya shafi mai lafiya da marar lafiya, gwani da ɗan koyo. Juwar da mutum ke ji a gefen rufi ba ragwanci ba ce. Ido ne ke cewa ba a motsa ba, kunne da ƙafa na cewa an motsa.

Ƙafar ma ba a bar ta ta huta ba. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta gwada magina a kan dandamali mai ƙarfi da mai lotsawa, a ƙasa da kuma a sama, ta ga layin jiki ya fi tsananta idan tsawo ya haɗu da wurin taka mai lotsawa, ya kuma ragu idan akwai wani abu tsayayye kusa da ido, kamar sanda ko shinge. Katakon da ke lanƙwasa a kan gadon da magina ke kafawa a jikin gini, da kwanon rufi mai gangara, su ne ainihin wannan yanayin. An kuma daɗe da gano cewa taɓa abu tsayayye da ɗan yatsa kawai, ba tare da jingina ba, yana rage layin jiki. Ashe shingen da ake kafawa a gefen bene aiki biyu yake yi: yana tare wanda ya zame, yana kuma ba ido da hannu abin dogaro tun kafin a zame. Ɗaga kai sama, kallon gajimare na tafiya, da ɗaukar abu mai faɗi da ke rufe ganin ƙafa, irin faifan sola ko fallen kwano, duk suna ƙara dagula lissafin ƙwaƙwalwa.

Mutane sun bambanta a yadda abin ke damunsu. Wani binciken jin ra'ayi da aka yi a Jamus, aka wallafa a 2013, ya nuna kashi 28 cikin 100 na manya suna jin rashin natsuwa idan suka leƙa ƙasa daga sama. Masu tsananin tsoron da ya kai cuta ba su kai haka ba, kuma da wuya su nemi irin wannan aiki tun farko. Sabo na rage tsoro, amma ba ya canza yadda ido ke aiki. A nan ne tsofaffin hannu kan ruɗu.

Lalurar da ke zaune, da wadda ke zuwa da safe

Abin da likita ke nema a gwajin hawa sama ba shi da yawa. Yana tambayar farfaɗiya, suma, ciwon zuciya, jiri da magungunan da mutum ke sha. Yana auna jini da suga da gani da ji. Yakan sa mutum ya haɗe ƙafafu ya rufe ido, gwajin da ke ɗauke da sunan likitan Jamus Moritz Romberg na ƙarni na 19, ko ya tsaya da ƙafa ɗaya, ko ya yi tafiya diddige na taɓa yatsa. Ga masu hawa hasumiya akan ƙara da hawa da sauka a kan ɗan dakali ana auna bugun zuciya.

Wasu abubuwan da ake kamawa suna da magani mai sauƙi. Mafi yawan hajijiyar da ke tasowa daga kunne tana faruwa ne idan ƙananan tsakuwoyin nan suka ɓalle suka faɗa cikin ɗaya daga bututun: mutum ya ɗaga kai ko ya juya a kan gado, duniya ta juya masa na 'yan daƙiƙoƙi. Ga kafinta mai buga silin ko mai gyaran wuta a kan falwaya, wanda aikinsa ɗaga kai ne, 'yan daƙiƙoƙin sun isa. Amma likitan da ya san abin yana iya mayar da tsakuwoyin mazauninsu ta hanyar juya kan mutum a wani tsari, sau da yawa a zama ɗaya ko biyu. Ciwon suga da ya daɗe yana kashe jin tafin ƙafa, maganinsa kuma na iya sauke suga farat ɗaya idan aka sha ba a ci abinci ba. Hawan jini shi kaɗai ba ya hana aiki idan ana kula da shi. Abin lura shi ne wasu magungunansa kan sa jiri idan mutum ya miƙe daga tsugune. Allurai irin jentamaisin da sitiraftomaisin na iya lalata sashen daidaito na cikin kunne har abada, kwinin kuma kan kawo ƙarar kunne da juwa. A inda ake yin allura a kemis ba tare da takardar likita ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai dai yawancin abin da ke gurɓata daidaiton ma'aikaci ba ya nan ranar gwaji. Barci na daga ciki. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, kuzarin hannunsa da hankalinsa sun yi daidai da na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. Leburan da ya kwana gadi ya wayi gari yana hawa tsani da kwanon sarki cike da kankare yana cikin wannan hali ko fiye.

Zafi ma haka. Gumi na rage ruwan jiki, jini ya taru a ƙafafu, mutum ya miƙe ya ga duhu. Saudiyya ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Katar, tun 2021, ta hana daga 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. A Kano da Sakkwato da Maraɗi, inda bazara kan kai digiri 40 ko ta haura, abin da ke taƙaita aikin rana tsaka sai dai tausayin mai gini ko dabarar ma'aikatan da kansu, musamman idan azumi ya faɗo a lokacin.

Akwai kuma ƙwaya. Maganin mura na gama-gari irin Piriton yana sa gyangyaɗi. Tiramadol, wanda wasu masu aikin ƙarfi ke sha don kada su ji gajiya, yana kawo jiri, yana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, musamman idan aka sha da yawa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa umarnin likita ba. Takardar da aka sa wa hannu watanni takwas da suka wuce ba ta san abin da aka haɗiya da shayin safe ba.

Masu cewa a tace mutum, da masu cewa a gyara wurin

Brazil ce misali mafi bayyana na ɓangaren farko. Ƙa'idarta mai suna NR-35, wadda ta fito a 2012, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sa a duba lafiyar duk wanda zai yi aiki sama da mita 2, a nemi cututtukan da ke iya kayar da mutum farat ɗaya, har da yanayin tunaninsa, a rubuta sakamakon a takardar lafiyarsa ta aiki. Ta kuma wajabta horo na aƙalla awa 8, ana sabuntawa duk shekara biyu. Afirka ta Kudu, a ƙa'idojin gine-gine na 2014, ta ce kowane ma'aikacin gini ya mallaki takardar dacewa da aiki daga ƙwararre a fannin lafiyar ma'aikata. A Jamus akwai gwajin da aka fi sani da G 41, wanda kamfanoni da yawa ke nema, kuma tazarar maimaita shi tana raguwa idan mutum ya kai shekara 50.

Hujjarsu a fili take. Wanda ya suma a kan bene ba kansa kaɗai ya jefa a haɗari ba: akwai na ƙasa, akwai abokin da zai hau ceto shi. Akwai ayyukan da ba a iya kewaye su da shinge, kamar hasumiyar sadarwa da turakun babban layin wuta. Sannan ga talaka da yawa, wannan gwajin ne karon farko da aka taɓa auna jininsu.

Birtaniya da Amurka sun ɗauki wata hanya. Dokar Birtaniya ta 2005 ba ta wajabta wani takamaiman gwajin likita ga duk mai hawa sama ba. Ta jera matakai ne bi da bi: in ana iya yin aikin daga ƙasa, kada a hau, in dole ne a hau, a hana faɗuwa da shinge da dandamali, in hakan bai yiwu ba, a rage nisan faɗuwar da illarta da raga ko ɗamarar kariya, wadda ake sa wa jiki a ɗaura ta da igiya. Ta kuma fifita kariyar da ke rufe kowa a kan wadda mutum ɗaya ke ɗaurawa. Dokokin hana wariya, ta Amurka ta 1990 da ta Birtaniya ta 2010, sun taƙaita tambayar lafiyar mai neman aiki kafin a yi masa tayin aikin. Wannan bai hana kamfani gwada ma'aikaci ba. Ya dai ce gwajin ya kasance yana da alaƙa da aikin da zai yi.

Masu wannan ra'ayi suna cewa mafi yawan waɗanda ke faɗowa lafiyarsu ƙalau. Tsani ne ya zame, katako ya karye, ko rufi ya ɓurma. Hukumar lafiya da kariyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na mutuwar faɗowa a gine-gine ta rufi marar ƙwari ne, wanda ba ruwansa da kunnen mutum ko sugansa. Ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta duba batun gwajin lafiya kafin ɗaukar aiki a 2016, ta ce hujjar cewa yana rage rauni mai rauni ce ƙwarai. Gwajin da aka tsara daidai da aikin ya fi nuna alamar amfani a kan na gama-gari, kuma farashinsa shi ne ƙarin mutanen da ake hana aiki.

Tarihi ya ba kowane ɓangare abin tunani. 'Yan ƙabilar Mohawk na Kahnawake a Kanada sun shiga aikin ƙarfe a 1886, wajen gina gadar jirgin ƙasa a kan kogin St. Lawrence, daga baya suka yi suna a dogayen gine-ginen New York har aka riƙa cewa an halicce su ba sa tsoron sama. Su da kansu sun sha cewa suna tsoro, horo ne da sabo. Ranar 29 ga Agustan 1907 gadar Quebec ta rufta ana cikin gina ta saboda kuskuren lissafin injiniyoyi, ma'aikata 75 suka mutu, 33 daga cikinsu 'yan Kahnawake. Gwanintar ƙafa ba ta yi musu komai ba. Kusan shekaru 30 bayan haka, a gadar Golden Gate ta San Francisco, babban injiniya Joseph Strauss ya sa aka shimfiɗa raga a ƙarƙashin aikin. Ta tare mutum 19 da suka faɗo. Amma ranar 17 ga Fabrairun 1937 wani dandamali ya ɓalle ya yaga ragar, mutum 10 suka tafi a lokaci ɗaya. Ragar ma tana da iyaka.

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda muhawarar ke nunawa. Brazil da Afirka ta Kudu ba su ce takarda ta wadatar ba; dokokinsu cike suke da sharuɗɗan shinge da igiya da shirin ceto. Manyan kamfanonin Birtaniya kuma suna gwada masu hawa injin samar da wuta da iska da masu aiki a jikin igiya. Inda suka rabu shi ne wanda laifi ke fara hawa kansa idan aka faɗo. Tsarin da ya fara da jikin ma'aikaci yana sauƙaƙa wa ɗan kwangila ya ce mutumin ne bai dace ba. Tsarin da ya fara da wurin aiki yana tambayar ina shingen.

Nauyin jiki da ɗamarar kariya

A nan ne jikin mutum da kayan aiki suka haɗu kai tsaye. Ma'aunin Amurka ya tsara ɗamarar da ake sa wa jiki gaba ɗaya don nauyin kilo 59 zuwa 140, kuma lissafin ya haɗa da tufafi da takalmi da kayan aikin da ke rataye. Wanda ya wuce yana buƙatar kayan da aka ƙera don nauyinsa; wanda bai kai ba, fizgar igiyar na iya yi masa illa saboda abin da ke sassauta fizgar ba ya buɗewa yadda ya kamata. Tun 1 ga Janairun 1998 Amurka ta hana amfani da bel ɗin ƙugu kaɗai wajen tare faɗuwa a gine-gine, saboda yana tara fizgar a ciki da ƙashin baya. Daga 13 ga Janairun 2025 kuma ta wajabta a fili cewa kayan kariyar ma'aikacin gini su yi daidai da jikinsa, bayan shekaru ana kokawa cewa mata da masu ƙaramin jiki na yawo cikin kayan da suka yi musu yawa.

Abu biyu ne ba a cika faɗa wa mai sayen ɗamara a kasuwa ba. Igiya mai tsawon mita 1.8, idan aka haɗa da buɗewar abin sassauta fizga da tsawon mutum da ɗan rarar tsaro, tana buƙatar fili kusan mita 6 a ƙarƙashin inda aka ɗaura ta. A rufin gida marar bene, mutum zai riga igiyar isa ƙasa. Abin da ke amfani a nan shi ne gajeriyar igiya da ke hana shi kaiwa gefen tun farko. Na biyu, wanda igiya ta tare bai tsira ba tukuna. Rataye ba motsi yana tara jini a ƙafafu, kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗin cewa hakan na iya kaiwa ga suma da mutuwa cikin ƙasa da minti 30. Ke nan juriyar da ake nema ba ta mai hawa ce kaɗai ba, har da ta abokin da zai hau ya sauko da shi.

Abin da hakan ke nufi ga lebura da mai gini

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 kan lafiyar ma'aikata a 1994, ta ƙara da mai lamba 187 a 2022, shekarar da ƙungiyar ta sa wurin aiki mai aminci cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. Babbar dokar cikin gida kuwa, ta masana'antu ta 1987, an yi ta ne domin masana'antu. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, don biyan wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu. A Nijar, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, CNSS, ke ɗaukar haɗarin aiki ga ma'aikatan da aka yi wa rajista. Amma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa cikin tsarin aiki na hukuma. Leburan da aka ɗauka a bakin titi da safe, aka sallame shi da yamma, in ya faɗo, makomarsa maɗori ne da abin da mai gini ya ga dama ya bayar, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

A irin wannan yanayi, wajabta takardar likita ga kowa zai iya haifar da abu uku. Kuɗin gwajin zai koma kan mai neman aiki. Takardun da ake sa wa hannu ba a ga mutum ba za su samu kasuwa. Sannan wanda ya san yana da jiri ko farfaɗiya zai ɓoye, tunda faɗin gaskiya na nufin yunwa. Na ukun ya fi haɗari, domin duk tsarin gwajin ya dogara ne a kan abin da mutum ya faɗa wa likita. Gwajin Romberg ba ya nuna sumar da aka yi watan jiya. Inda gwaji ke aiki shi ne inda wanda bai dace da sama ba yake da aikin ƙasa da za a mayar da shi, kwaɓa siminti ko yankan rodi ko haɗa batir da inbata, har ya warke ko maganinsa ya daidaita.

Ga babban kamfani da ke tura mutane kan hasumiya, gwajin na da gurbi, musamman idan kamfanin ne ke biya, likitan ya san irin aikin, kuma ana maimaitawa yayin da shekaru ke ja. Ga ƙaramin gini a unguwa, abubuwan da ke hannun mai gini da shugaban leburori sun fi araha. Ƙa'idar tsani a Birtaniya ita ce a ja gindinsa mita 1 daga bango a kan kowane mita 4 na tsawo, a ɗaure shi, kansa ya zarce inda za a sauka da kimanin mita 1, kada kuma a wuce minti 30 ana aiki a kansa. Shingen gefe a wurin gini ana so ya kai aƙalla santimita 95. Katako biyu ko uku a jere sun fi ɗaya, takalmi mai kama ƙafa ya fi silifas, aikin rufi kuma ya fi dacewa da sanyin safiya kafin kwano ya ɗau zafi. Tambayar da shugaban leburori zai yi da safe, wa bai yi barci ba, wa ke shan maganin mura, wa ke jin jiri, tana kama abin da takardar shekara ba ta gani, amma fa sai idan wanda ya ɗaga hannu ya tabbata za a ba shi aikin ƙasa da kuɗin yininsa cikakke.